Yadda za ka gina ƙaramar Zariya a cikin kwamfuta ka kalli yadda ƙyanda ke yaɗuwa

A ce yaro ɗaya ya dawo Tudun Wada daga ƙauye da ƙyanda a jikinsa, yara nawa za su kamu kafin wata uku, kuma tsakanin rufe Islamiyya na sati biyu da bi gida-gida ana rigakafi wanne ne zai fi rage yawan masu kamuwa? To wannan dai babu yadda za a yi ka gwada shi a kan 'ya'yan mutane. Amma za ka iya gwadawa a kwamfuta. Ka ƙirƙiri mutanen bogi dubu biyu ko biyar, kowanne da shekarunsa da gidansu da makarantar da yake zuwa, su fita da safe su dawo da yamma, ka jefa cutar a jikin ɗaya daga ciki sai ka koma gefe kana kallo. Shi ne simuleshan na ɗaiɗaikun mutane, kowane mutum na cikin kwamfutar ana ce masa ejan. Na rubuta wannan ne musamman don ku 'yan ABU na lissafi da kwamfuta da kiwon lafiyar al'umma masu neman abin furojet wanda ba kwafe-kwafe ba, amma duk mai lafto da haƙuri zai iya bi.

Tsohuwar hanyar da ake koyarwa a aji ita ce SIR, wadda Kermack da McKendrick suka fitar a 1927, a raba jama'a gida uku, waɗanda za su iya kamuwa da masu cutar da waɗanda suka warke, sai a rubuta lissafin yadda ake tsallakawa daga wannan rukuni zuwa wancan. Hanya ce mai kyau har gobe ana amfani da ita, sai dai tana ɗauka kowa yana cuɗanya da kowa daidai wa daida, wato matar da ke kulle a Kwarbai damar haɗuwarta da ɗalibin da ke hostel a Samaru daidai take da damar haɗuwarta da kishiyarta. Kai ma ka san ba haka garin nan yake ba. Amfanin simuleshan na ejan kenan, kai ne za ka faɗa wa kwamfuta wa ke haɗuwa da wa, a ina, sau nawa. Kuma tun yanzu in gaya maka, nan ne aikin yake, rubuta kod ɗin shi ne mai sauƙin.

Mataki na farko, tambaya ɗaya cuta ɗaya

Kar ka ce za ka yi model na "cututtuka masu yaɗuwa a Zariya", ba za ka gama ba har a yaye 'yan ajinku. Kowace cuta da hanyarta. Kwalara ta ruwa da abinci take bi, don haka model ɗinta sai da rijiyoyi da 'yan garuwa a ciki. Maleriya sai ka sa sauro. Lassa sai ka sa ɓera. Sanƙarau kuma, wanda a 1996 ya kama sama da mutum 100,000 a Najeriya ya kashe sama da 11,000, wahalarsa ita ce mutane da yawa suna ɗauke da ƙwayar a maƙogwaro suna yaɗawa ba tare da sun kwanta ba, ga kuma ruwan yanayi na hunturu da zafi a ciki. Ga mai farawa ƙyanda ta fi, baƙon dauro kenan, daga mutum zuwa mutum take bi ta iska, an san lambobinta sosai, kuma wanda ya yi ta sau ɗaya ya gama da ita har abada.

Sai ka rubuta tambayarka a layi ɗaya a takarda. Misali: a unguwa mai mutum 5,000, idan yaran da ba a yi wa rigakafi ba sun taru a wasu gidaje ƙalilan maimakon su warwatsu, yaya girman ɓarkewar zai canza? Duk abin da ba zai taimaka wajen amsa wannan ba kar ya shiga model ɗin, ko da kuwa yana burge ka.

Mataki na biyu, kayan aiki

Sauke NetLogo. Kyauta ne, Uri Wilensky ne ya fitar da shi a 1999, kuma yana tafiya a tsohuwar lafto ba sai kana kan intanet ba. Fayil ɗin ya ɗan yi nauyi, in data ta yi tsada karɓa a filash wajen wanda ya riga ya sauke. In ka buɗe ka shiga File ka danna Models Library, a cikin Biology akwai wani mai suna Virus, a cikin Networks kuma akwai Virus on a Network. Danna setup sannan go, ka ja silaidoji gaba da baya ka ga yadda giraf ke canzawa, sannan ka leƙa shafin Code ka karanta ko ba ka gane komai ba. Yini ɗaya ya isa wannan wasan.

A NetLogo mutanenka sunansu turtles, ƙasar da suke takawa patches, kowace rana ko awa kuma tick. In ka riga ka iya Python akwai Mesa, kayan aikin gina simuleshan na ejan da Python, kuma za ka iya aiki da shi a Google Colab idan laftonka ba ta da ƙarfi. Akwai manya irin su Covasim da aka gina don korona da OpenMalaria na maleriya, amma shawarata kar ka fara da su, za ka danna ya ba ka giraf mai kyau kai kuma ba ka san me ke ciki ba, ranar difens malami ɗaya ya jefo tambaya shikenan ka tsaya kana kallon silin.

Mataki na uku, lambobin cutar

Ga abin da aka sani game da ƙyanda. Daga ranar da ta shiga jiki zuwa fitowar ƙuraje kusan kwana 14 ne, yana iya yin ƙasa zuwa 7 ko sama zuwa 21. Mai ita yana yaɗawa daga kwana 4 kafin ƙuraje su fito zuwa kwana 4 bayan sun fito. Ka lura da wannan sosai, yaro yana rabawa tun ana cewa mura ce da jan ido, yana zuwa makaranta abinsa. Ƙwayar tana iya zama a iskar ɗaki har awa 2 bayan mai ita ya fita. A cikin gida, cikin mutum 10 da ba su da kariya har 9 na iya kamuwa. Allura ɗaya a wata 9 tana kare kusan kashi 85 cikin 100, allura biyu kusan 97, shi ya sa aka ƙara ta biyu a wata 15.

Daga nan kowane ejan zai kasance a ɗaya daga hali huɗu: lafiya, wato zai iya kamuwa, ɓoye, ta shiga amma bai fara yaɗawa ba, kusan kwana 10, yaɗawa, kusan kwana 8, sai warke, wanda a nan za ka zuba har waɗanda rigakafi ya kama su da manyan da suka yi ta tun suna yara. Kar ka ba kowa kwana 10 cif, bari kwamfuta ta jefa ƙuri'a wani ya samu 8 wani 12, in ba haka ba giraf ɗinka zai riƙa tsalle a jere yadda ba a taɓa gani a asibiti ba.

Yanzu lissafin da mutane da yawa ke kuskurewa. An ce 9 cikin 10 na kamuwa a gida, sai mutum ya rubuta 0.9 a matsayin yiwuwar kamuwa ta kowace rana. A'a. Wannan 0.9 ɗin na duka kwana takwas ne a haɗe. Wanda ya tsira shi ne wanda ya tsallake rana ta ɗaya da ta biyu har ta takwas, kuma yiwuwar hakan 0.1 ce. Wace lamba ce in ka ninka ta da kanta sau 8 za ta ba ka 0.1? Danna kalkuleta, kusan 0.75 ce. To tsira a rana 0.75, kamuwa a rana 0.25. Ita za ka sa a matsayin yiwuwar gida.

Mataki na huɗu, gina jama'a

Nan za ka zauna ka daɗe. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a ƙasar nan ta 2006 ce, lokacin ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari a haɗe suna wajen mutum 700,000, yanzu kuwa an wuce nan nesa. Kar ka ce za ka zuba su duka, NetLogo zai riƙa jan ƙafa har ka gaji. Ɗauki mazaɓa ɗaya ko ma unguwa ɗaya, Zariya tana da mazaɓu 13, Sabon Gari 11, zaɓi wadda ka sani da ƙafarka, Gyallesu ko Limancin Kona ko Muchia ko Hanwa. Don ƙiyasin yawan mutane na yanzu da iyakokin mazaɓu da wuraren asibitoci akwai GRID3 da WorldPop, duk kyauta, taswirar tituna kuma OpenStreetMap, ka buɗe su a QGIS, manhajar aikin taswira. Amma a zagayen farko ba ka ma buƙatar taswira ta gaske, lambar gida da lambar makaranta sun ishe ka.

Shekaru: sama da kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriya ba su kai 15 ba, to jama'arka ta nuna haka. Idan ka kwafo model da aka yi don Ingila ko Italiya inda tsofaffi suka yi yawa, tun daga nan ka kauce hanya.

Sai maganar gida, wadda ita ce ta fi ci min rai a irin waɗannan ayyukan. Binciken NDHS na 2018, wato binciken jama'a da lafiya na ƙasa, ya ba da matsakaicin mutum 4.7 a kowane iyali a faɗin ƙasa, Arewa ta fi haka, kuma ana iya samun ainihin bayanan kyauta in ka yi rajista a shafin DHS ka tace na jihar Kaduna. To amma abin da su suke ƙirgawa a matsayin iyali shi ne waɗanda ke ƙarƙashin mai gida ɗaya suna cin tukunya ɗaya. Shiga cikin birni ka ga gida ɗaya zaure ɗaya, a ciki sassa biyar ko shida, wa da ƙani da 'ya'yansu da matansu, kowa da tukunyarsa, amma tsakar gida ɗaya rijiya ɗaya, yara kuwa tun safe a cakuɗe suke, wannan ya kwana ɗakin kaka wancan ya ci tuwo a sashen baffa. A takarda iyali shida ne, a wajen ƙyanda gida ɗaya ne mai mutum arba'in. Haka gidan haya a Sabon Gari ko Samaru, ɗaki-ɗaki ana haɗa banɗaki da wajen girki. Don haka ka ba kowane ejan lamba biyu, lambar sashe da lambar babban gida. A cikin sashe ka sa 0.25 ɗin nan, tsakanin sassa ka sa ƙasa da haka, kuma yara da yara ta fi ta manya da manya.

Yadda za ka gina: fara da gidaje, ba da mutane ba. Ƙirƙiri babban gida, jefa ƙuri'ar sassa nawa ne a ciki, kowane sashe ka ba shi mai gida da mace ɗaya ko fiye, sai yara gwargwadon shekarun uwa. In ka gama ka ƙirga ka ga ko rabon shekaru ya yi kama da na gaskiya, in bai yi ba ka gyara ka sake. Kar ka manta da almajirai, su ba sa cikin kowane sashe, gidansu shi ne zauren malam ko shagon da suke kwana su ashirin ko talatin, kuma suna shiga gidaje da yawa kullum neman abinci ko yin aike. Model ɗin da ya bar su ya bar wata babbar hanya a buɗe.

Mataki na biyar, ina ake haɗuwa

Yawancin teburan cuɗanya da za ka samu a intanet tushensu wani bincike ne mai suna POLYMOD da aka buga a 2008, an yi shi a ƙasashen Turai 8, daga baya aka yi lissafi aka faɗaɗa shi zuwa sauran ƙasashe har da tamu. Rukuninsu huɗu ne, gida, makaranta, wajen aiki, sauran wurare. Ba laifi a matsayin mafari, amma yaron Zariya makaranta nawa yake zuwa? Boko da safe, Islamiyya da yamma, wani ma har da allo da asuba ko da daddare, kuma 'yan ajin ba su ne ɗaya ba. Ga hutu ya bambanta, boko Asabar da Lahadi, allo Alhamis da Juma'a, ka ga babu ranar da yaro bai zauna cikin taro ba. Idan ka rufe boko kawai a model ɗinka ka ce ka rufe makarantu, sakamakon ƙarya zai ba ka.

To ka ba kowane yaro lambar aji na boko in yana zuwa, da lambar ajin Islamiyya. Ranar mako kuma ka samo ta da ticks mod 7, sai ka ce in ta ba da kaza wannan makaranta a rufe take. Manya maza ka ba su masallacin unguwa da majalisa, wasu kasuwa, Sabon Gari ko Tudun Wada ko ta cikin birni, ranar Juma'a kuma babban taro. Mata kar ka yi kuskuren zaunar da su a gida kawai, akwai suna akwai biki akwai gaisuwar mutuwa akwai awo da ranar rigakafi a asibiti, kuma da goyo ake zuwa, ɗaki ya cika maƙil taga a rufe. Irin wannan taron ka sa shi ya faɗo jifa-jifa, ya kwaso mata da ƙananan yara daga gidaje daban-daban na yini ɗaya, shi ne yake ɗaukar cuta daga wannan unguwa ya kai waccan. Keke da bas daga Kwangila zuwa PZ ko Samaru ka haɗa su a rukuni ɗaya na haɗuwar hanya da 'yar ƙaramar yiwuwa, kar ka ɓata lokaci a kansu.

Akwai wani abu kuma da model ɗin waje ba zai taɓa ba ka ba. Su a wajensu mutum in ya kwanta ciwo cuɗanyarsa raguwa take yi. Mu nan yaro ya daina zuwa makaranta gaskiya ne, amma sai 'yan dubiya su fara sallama, gwaggo da inna da maƙwabta kowacce da nata a baya. Don haka ranar da ƙuraje suka fito ka cire shi daga aji, amma ka ƙara baƙi biyu ko uku a sashensu na kwanakin da suka rage. Ka sa wannan a kan suwic, ka gwada da shi ka gwada babu shi, kai da kanka za ka so ka ga bambancin.

Ina za ka samo lambobin duk wannan? Wasu sai ka fita ka tambaya. Je ka makarantu biyar ka tambayi yara nawa ne a aji, zauna da iyaye mata goma ka ji suna ko biki nawa suka je a watan da ya wuce. Ka fara gaida mai unguwa ka yi masa bayani kafin ka shiga gidan kowa, in aikin makaranta ne kuma ka karɓi izinin kwamitin ɗa'a na bincike, kuma ba ruwanka da rubuta sunan kowa. Wanda ba ka samu ba ka yi ƙiyasi, ka rubuta ɓaro-ɓaro cewa ƙiyasi ne.

Mataki na shida, kod

Kowace rana abu uku ne ke faruwa: a yaɗa, a ƙara wa kowa kwana, a canza halin wanda kwanansa ya cika. Ga na cikin sashe:

turtles-own [ hali kwana sashe yan-sashe ]

to yada-a-sashe
  ask turtles with [ hali = "yadawa" ] [
    ask yan-sashe with [ hali = "lafiya" ] [
      if random-float 1 < yiwuwar-gida [
        set hali "boye"
        set kwana 0
      ]
    ]
  ]
end

Ita random-float 1 ƙuri'a ce tsakanin 0 da 1, in ta faɗo ƙasa da 0.25 ya kamu. Shi kuma yan-sashe ka haɗa shi sau ɗaya tak a cikin setup, kowa ya riƙe jerin 'yan sashensu, don in ka bar kowane mai cuta yana bincike cikin mutum 5,000 kullum yana neman 'yan gidansu laftonka zai yi zafi a banza. Na aji da na Islamiyya da na biki duk wannan fasalin ne, jeri da yiwuwa kawai ke canzawa. Ka ƙara wani abu ɗaya da zai yi maka amfani gaba: duk wanda ya kamu ya rubuta wa ya sa masa kuma a ina. Giraf ɗin da ke nuna kashi nawa aka kamu a gida, nawa a Islamiyya, nawa a taro, ya fi giraf ɗin jimilla faɗin magana.

Gina shi kaɗan-kaɗan. Gida kawai tukuna, ka tabbatar cutar ba ta tsallaka zuwa wani gida ba. Sannan ka ƙara aji. Sannan sauran.

Mataki na bakwai, ka gwada shi kafin ka yarda da shi

Sa yiwuwa a sifili, kada kowa ya kamu. Sa kowa a warke, kada kowa ya kamu. Haɗa halaye huɗun kullum su ba ka jimillar da ka fara da ita. Sannan ka auna R0, wato mutum nawa mai cuta ɗaya ke sa wa idan babu mai kariya ko ɗaya: mayar da kowa lafiya, zaɓi mutum ɗaya da ƙuri'a, ƙirga waɗanda shi da kansa ya sa wa, maimaita da yawa ka ɗauki matsakaici. Lambar da aka saba faɗa wa ƙyanda 12 zuwa 18 ce, kodayake wani bita da aka buga a 2017 ya nuna tazarar ta fi haka faɗi sosai dangane da wuri, wanda hakan ma yana ƙara nuna maka zaman mutane ne ke yanke lambar ba ƙwayar kaɗai ba. Ka riƙa murɗa yiwuwar aji da ta taro har ka shigo cikin wannan zangon. Daga R0 ɗin ne ake samun kason da ya kamata a kare, 1 a cire 1 bisa R0, in 15 ne ya ba ka kusan kashi 93, shi ya sa ake cewa sai an kai 95 da allura biyu.

Kuma kar ka taɓa kunna shi sau ɗaya ka ɗauki hoton giraf ka sa a babi na huɗu. Ƙuri'a ce a ciki, yau ya mutu a gida ɗaya gobe ya cinye unguwa, da lambobi iri ɗaya. A lissafi mafi sauƙi ma, idan kowane mai cuta yana sa wa mutum 2 a matsakaici, kusan rabin lokuta cutar tana mutuwa da kanta tun ba ta je ko'ina ba. Shiga Tools ka buɗe BehaviorSpace, ka ce ya maimaita kowane yanayi sau 200 ko 500, cire alamar sabunta hoto don ya yi sauri, zai zuba maka sakamako a fayil ɗin da Excel ko R ke buɗewa. Raba aikin kashi-kashi kana adanawa, saboda wuta tana iya ɗaukewa batir ya mutu ana tsakiya. In za ka ba da rahoto kar ka tsaya a matsakaici, faɗi sau nawa ta mutu da wuri, sau nawa ta ɓarke, in ta ɓarke kuma daga nawa zuwa nawa. Sa random-seed idan kana so wani ya maimaita ainihin abin da ka gani.

Mataki na takwas, idan aka yi kaza fa?

Yanzu ka dawo kan tambayarka. Yanayi na ɗaya, yara kashi 80 an yi musu rigakafi, ragowar 20 a warwatse ko'ina. Yanayi na biyu, 80 ɗin dai, amma ragowar sun taru a manyan gidaje ƙalilan da Islamiyya ɗaya, wanda shi ne ya fi kama da gaskiya tunda ƙin allura mai gida ne ke yankewa ba yaro ba, in ya ce a'a duk gidan ne. Ga SIR waɗannan biyun abu ɗaya ne. A naka za ka ga na biyun yana kamawa kamar wuta a busasshiyar ciyawa duk da cewa a takardar ofis kason bai canza ba. Ka tuna kuma allura ɗaya a wata 9 ba ta kama kowa, cikin 100 da aka yi wa kusan 15 ka bar su a lafiya, jarirai 'yan watannin farko kuma suna da ɗan kariya daga uwa da ke raguwa a hankali.

Sai ka gwada matakan daƙile ta: rufe boko kawai, rufe duka, kamfen ɗin rigakafi da ya fara kwana 14 bayan an gano na farko, da wanda ya fara kwana 45. Jinkiri ka sa shi a silaida, don sau da yawa shi ne ke yanke hukunci. Za ka iya sa bibiyar waɗanda suka yi hulɗa da mai cuta ma, tunda kowane ejan ya san da wa ya zauna. Irin aikin da ya tsayar da Ebola kenan a 2014, mutum ɗaya ya sauka Legas ranar 20 ga Yuli, aka bi sawun mutum kusan 900, aka tsaya a mutum 20 da suka kamu 8 suka rasu, zuwa 20 ga Oktoba WHO ta ce an gama.

Bayan haka ɗauki duk lambar da ka yi ƙiyasinta, ka ninka ta biyu, ka raba ta biyu, ka ga ko amsar ta juya. Idan kamfen da wuri ya fi rufe makaranta a duk yadda ka murɗa, to kana da magana mai ƙarfi. Idan yawan 'yan dubiya kaɗai ya isa ya juya amsar, ka gano abin da ya kamata a fita a auna da gaske, wannan ma sakamako ne.

Mataki na ƙarshe, haɗa shi da gaskiya da rubutawa

NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, tana fitar da rahotannin cututtuka a shafinta, kowace ƙaramar hukuma kuma tana da jami'in sa ido da ake ce wa DSNO, da takarda daga sashenku ta hanyar da ta dace za ka iya neman adadin mako-mako ba tare da sunaye ba. Amma ka san abin da ke hannunka, waɗanda suka je asibiti ne kawai aka rubuta, ƙyanda kuwa da yawa a ɗaki ake jinyarta da maganin gida, sai ta ci ƙarfi ake ɗaukar yaro. Don haka ka ƙara wa model ɗin yiwuwar kai yaro asibiti, ka kwatanta waɗanda aka kai da adadin ofis, ba duk waɗanda suka kamu ba. Siffar giraf da shekarun masu kamuwa sun fi jimilla abin dogaro. Ka kuma duba watanni, a nan Arewa da rani zuwa bazara ta fi tashi.

Wajen faɗin sakamako ka kiyaye harshenka. Ranar 16 ga Maris 2020 ƙungiyar Neil Ferguson ta Imperial College a Landan ta fitar da rahoto daga irin wannan simuleshan ɗin, ta ce mutum 510,000 na iya mutuwa a Birtaniya, miliyan 2.2 a Amurka, idan ba a yi komai ba kuma mutane ba su canza hali ba. Jama'a suka riƙe lambar suka yar da sharaɗin, har yau ana musu a kai. Kai ma in ka ce yara 300 za su kamu a Gyallesu, 300 ɗin za a riƙe. Gara ka ce a cikin model ɗin, bisa waɗannan sharuɗɗa, fara rigakafi a sati biyu ya rage masu kamuwa da kashi kaza idan aka kwatanta da sati shida.

Babin bayanin model kuma ka bi tsarin ODD, wanda Volker Grimm da abokan aikinsa suka fitar a 2006, yana sa ka faɗi manufa, su waye ejan ɗinka, me ke faruwa a kowane tick da wane jeri, da yadda aka fara. Ka yi tebur ɗaya na duk lambobinka mai layi uku, lambar, inda ka samo ta, da ko aunawa aka yi ko ƙiyasi ne. Kod ɗin da fayil ɗin BehaviorSpace ka ɗora su a GitHub, shafin ajiye kod a intanet, ka kuma ajiye kwafi a filash da imel ɗinka kafin ka kai wa sufabaiza.